Linda Burney a Majalisar Jihar New South Wales, 2003–2016

A ranar 22 ga Maris, 2003, mutanen mazaɓar Canterbury, wadda ke cikin birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, suka zaɓi Linda Burney ta zama wakiliyarsu a Majalisar Dokoki ta jihar New South Wales. Wannan majalisa ta fara zama tun cikin 1856, amma a duk shekaru 147 da suka shige kafin wannan rana ba a taɓa samun ko mutum ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar, namiji ko mace, da ya zauna a kujerarta ba. Burney ta yi shekara 13 a ciki. Ta yi minista, ta yi mataimakiyar shugaban jam'iyyar hamayya, kana ta bar majalisar cikin 2016 ta tafi ta Tarayya.

An saba in an ambaci sunanta a ce ita ce ta farko, a tsaya nan. Nufin wannan takarda shi ne ta duba abin da ya biyo bayan shigar tata. Wakilin da ya fito daga al'umma marar yawa yakan shiga majalisa da ƙuri'un waɗansu mutane dabam, a ƙarƙashin tutar jam'iyyar da ba danginsa suka kafa ta ba, in kuwa ya sami mulki, sai ya gaji ma'aikatun da mutanensa suka daɗe suna kuka da su. Waɗannan abubuwa uku, watau mazaɓa da jam'iyya da ma'aikata, su ne suka ba Burney dama, su ne kuma suka yanka mata iyaka.

I. Ƙasar da mutanenta na asali

Mutanen da Turawa suka tarar a Ostareliya ana kiransu Aborijin a jimlace, ko da yake su kansu sun fi son a kira su da sunayen ƙabilunsu. Masana sun yarda kakanninsu sun yi aƙalla shekara 50,000 a wannan ƙasa, kuma lokacin da jiragen ruwan Ingila suka sauka a gaɓar Sidni cikin Janairu 1788 ana magana da harsuna wajen 250 a cikinta. Ingilishi ba su ƙulla alkawari da kowace ƙabila ba, sun ɗauki ƙasar tamkar wadda ba mai ita. Sai a 1992 Babbar Kotun Ostareliya, a shari'ar Mabo, ta rushe wannan ra'ayi.

Ƙabilar Burney ita ce Wiradjuri, wadda ta fi kowace ƙabila faɗin ƙasa a New South Wales. Mazauninsu yana yamma da duwatsun da suka raba gaɓar teku da cikin ƙasa, a bakin koguna uku, Macquarie da Lachlan da Murrumbidgee. Da makiyayan Turawa suka ƙetaro duwatsun da garkunan tumakinsu sai faɗa ya tashi, har Gwamna Thomas Brisbane ya sa dokar soja a yankin Bathurst cikin 1824. Jarumin da ya ja Wiradjuri a wannan yaƙi shi ne Windradyne.

Bayan yaƙi sai mulkin hukuma. A 1883 gwamnati ta kafa Hukumar Kare Aborijin, dokar 1909 ta ba ta iko bisa inda za su zauna da aikin da za su yi, gyaran 1915 kuwa ya yarje mata ta raba yaro da iyayensa ba tare da zuwa gaban alƙali ba. 'Yan mata akan kai su wani gida a Cootamundra, cikin ƙasar Wiradjuri, a koya musu barantaka a gidajen Turawa, samari kuwa a kai su Kinchela. A 1940 aka sake wa hukumar suna ta zama Hukumar Jin Daɗin Aborijin, ba a rushe ta ba sai a 1969, sa'an nan aka danƙa yaran da ke hannunta ga ma'aikatar kula da yara ta jihar. Rahoton binciken ƙasa da ya fito a 1997, mai suna Bringing Them Home, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970 an ƙwace tsakanin ɗaya cikin goma da ɗaya cikin uku na yaran Aborijin daga iyayensu.

Ta wajen ƙuri'a, dokar New South Wales ta 1858 ta ba duk baligin namiji ikon zaɓe, ba ta ware Aborijin da suna ba, amma kaɗan ne daga cikinsu suka shiga rajista. Dokar Tarayya ta 1902 ta hana yawancinsu zaɓen Tarayya, ba a ɗauke wannan hani duka ba sai a 1962. Ƙuri'ar raba-gardama ta 27 ga Mayu, 1967, wadda fiye da kashi 90 cikin ɗari suka amince da ita, ba ita ta ba su ikon zaɓe ba, ko da yake an sha faɗin haka. Abin da ta yi shi ne ta sa a riƙa lissafa su cikin jimlar mutanen ƙasa, ta kuma ba Gwamnatin Tarayya ikon yi musu dokoki. Akwai wata magana kuma da ta yaɗu, cewa kafin 1967 dokar tsirrai da namun daji ce ke mulkinsu. Ba a taɓa yin irin wannan doka ba, amma yaɗuwar maganar ta nuna yadda mutanen suka ji ana ɗaukarsu.

II. Tsarin majalisa da lissafin ƙuri'a

Ostareliya tarayya ce ta jihohi shida tun 1901. Kowace jiha tana da Gwamna mai wakiltar Sarkin Ingila, da Firimiya wanda ke fitowa daga jam'iyyar da ta fi yawan kujeru, da ministoci waɗanda lalle ne su zama 'yan majalisa, kamar yadda aka yi a jihohin Nijeriya kafin 1966. Makarantu da asibitoci da 'yan sanda da gidajen yari da sha'anin ƙasa da kula da yara duk a hannun jiha suke. Ke nan yawancin abin da ke taɓa zaman Aborijin na yau da kullum a majalisar jiha ake yanka shi, ba a Kanbera ba.

Majalisar New South Wales zaure biyu ce. Na ƙasa, inda gwamnati ke fitowa, yana da wakilai 93, kowane daga mazaɓa ɗaya, ana zaɓensu duk shekara huɗu. Na sama yana da wakilai 42. Jefa ƙuri'a tilas ne, wanda ya ƙi ba tare da hujja ba a ci shi tara.

A ƙidayar 2021 an sami 'yan asalin ƙasa wajen 278,000 a New South Wales, watau ta fi kowace jiha yawansu, amma duk da haka ba su wuce kashi 3.4 cikin ɗari na mutanenta ba. Sun kuma bazu cikin birane da ƙauyuka, har ba wata mazaɓa ɗaya a cikin 93 ɗin nan da suke da rinjaye. Saboda haka ɗan Aborijin ba zai ci zaɓe da ƙuri'un danginsa kaɗai ba. A ƙasar New Zealand, maƙwabciyar Ostareliya, an magance irin wannan tun 1867 da aka keɓe wa Mawori kujeru huɗu. Wani kwamitin zauren sama na New South Wales ya bincika ko za a yi koyi da wannan, ya ba da rahoto a 1998, amma ba a keɓe kujerar ba.

Hanya ɗaya ta rage ke nan: babbar jam'iyya ta tsai da mutum a mazaɓar da ta saba ci. Ta hanyar jam'iyyu ne waɗanda suka riga Burney a wasu wurare suka shiga. Neville Bonner ya shiga Majalisar Dattawa ta Tarayya a 1971, Eric Deeral ya shiga majalisar Queensland a 1974, Ernie Bridge ya shiga ta Yammacin Ostareliya a 1980. Mace ta farko 'yar Aborijin da ta shiga kowace majalisa a ƙasar ita ce Carol Martin, wakiliyar Kimberley a Yammacin Ostareliya, cikin 2001. Amma mazaɓar Kimberley cike take da Aborijin, alhali Canterbury ba haka take ba.

Wannan hanya tana da sharaɗi. A Jam'iyyar Leba kowane ɗan takara yakan sa hannu a alkawarin cewa zai jefa ƙuri'a a majalisa bisa abin da taron wakilan jam'iyya ya yanke, wanda ya saɓa kuwa ana iya korarsa. Gardama a cikin ɗaki ake yinta, in an fito sai a yi baki ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

III. Daga aji zuwa ofis

An haifi Linda Burney ranar 25 ga Afrilu, 1957, a Whitton, wani ƙaramin gari kusa da Leeton a kwarin Murrumbidgee. Uwarta Baturiya ce mai asalin Sikotlan, ubanta kuwa Wiradjuri ne, ba su kuma yi aure ba, abin da a ƙauyen wancan zamani babban abin kunya ne. Waɗansu tsofaffi biyu daga dangin uwarta, namiji da mace 'yan'uwan juna, waɗanda suke a matsayin kakanni gare ta, su suka riƙe ta. An haife ta Hukumar Jin Daɗin Aborijin tana da ƙarfinta, tana 'yar shekara goma aka yi ƙuri'ar 1967. Ba ta sadu da ubanta ba sai da ta haura shekara 25, sa'an nan ta san tana da 'yan'uwa goma waɗanda suka girma ba nisa da garin da ta tashi.

Ta yi karatu a Leeton da Penrith, kana ta shiga kwalejin Mitchell a Bathurst, garin da aka sa dokar soja a kan kakanninta, ta fito da takardar shaidar malanta. Ita ce 'yar Aborijin ta farko da ta gama wannan kwaleji, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Charles Sturt. A 1979 ta fara koyarwa a makarantar firamare ta Lethbridge Park, a unguwannin talakawa na yammacin Sidni.

Malamai za su so su lura da irin makarantar da ta tarar. Tun farkon ƙarni na ashirin, shugaban makarantar gwamnati a New South Wales yana da ikon hana ɗan Aborijin shiga aji in iyayen Turawa sun yi kuka, ba a cire wannan ƙa'ida daga littafin aikin malamai ba sai a 1972. Littattafan tarihi kuwa daga zuwan Turawa suke farawa. A 1981 Burney ta bar aji ta shiga sashen ilmin Aborijin na Ma'aikatar Ilmi, tana cikin waɗanda suka yi aikin manufar ilmin Aborijin ta 1982, wadda ita ce ta farko a duk ƙasar. Daga nan ta shiga ƙungiyar da ke ba gwamnati shawara da yawun iyayen Aborijin kan sha'anin makarantu, ta zama shugabarta a 1988. A 1998 ta zama mataimakiyar shugabar Ma'aikatar Al'amuran Aborijin ta jihar, a 2000 ta zama shugabar ma'aikatar, muƙami mai kama da na babban sakatare. Tana kuma cikin shugabannin yunƙurin sulhu tsakanin Aborijin da sauran 'yan ƙasa, wanda ya kai ga ranar 28 ga Mayu, 2000, da mutum wajen 250,000 suka ƙetare gadar Sidni da ƙafa.

Ke nan kafin ta nemi ƙuri'a ko ɗaya ta yi fiye da shekara ashirin tana koyon yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur, da yadda ake neman kuɗi daga Baitulmali. Ba mai zanga-zanga aka kawo daga titi ba, ma'aikaciya ce wadda ta san gidan.

IV. Wakiliyar Canterbury

Canterbury tana kudu maso yammacin tsakiyar Sidni, ta ƙunshi unguwanni irin su Campsie da Earlwood. Mazaunanta da yawa baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, Girkawa da Labanawa da Italiyawa da mutanen Sin da Koriya, Aborijin kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Kujera ce da Leba ta saba ci. Da wakilinta Kevin Moss ya bari a 2003, Burney, wadda ke ɓangaren hagu na jam'iyyar, ta gaje shi, ta kuma sake cin kujerar a 2007 da 2011 da 2015.

Jawabinta na farko, cikin watan Mayu 2003, ta buɗe shi da harshen Wiradjuri, ta gai da ƙabilar da ginin majalisar ke bisa ƙasarta. Ta kwatanta ƙasar Ostareliya da madubi, wanda in yaron Aborijin ya duba sai ya ga siffarsa a karkace, ko kuwa bai ga kansa ba sam. Amma da aka gama biki, aikin da ya jira ta a ofishin mazaɓa na kowane wakili ne: kukan masu haya, jinkirin jirgin ƙasa, ƙazantar kogin Cooks, tsoho mai neman gado a asibiti.

Nan ne nauyi biyu ya bayyana. Mutanen Canterbury suka zaɓe ta, su ke da ikon ƙin ta bayan shekara huɗu. Aborijin na Bourke da Moree da Redfern ba su da ƙuri'a a mazaɓarta, amma ba su da wani nasu a zauren sai ita, saboda haka kowace magana ta taso game da su, 'yan jarida da 'yan majalisa gare ta suke juyawa. Sauran wakilai 92 ba wanda ake tambayarsa ya amsa laifin ƙabilarsa ko ya faɗi ra'ayinta.

Ya kamata a lura da abu ɗaya wanda akan yi kuskurensa: a duk zamanta na minista a jihar ba ta riƙe Ma'aikatar Al'amuran Aborijin ba. A 2005 aka naɗa ta ƙaramar mataimakiyar Ministan Ilmi. Bayan zaɓen 2007 Firimiya Morris Iemma ya ba ta ma'aikatar da ke kare masu saye daga ha'incin 'yan kasuwa, tare da sha'anin matasa da aikin sa-kai. Daga 2008 zuwa 2009 kuma ta riƙe shugabancin Jam'iyyar Leba na ƙasa duka. Wannan ya nuna jam'iyyar ta ɗauke ta 'yar siyasa cikakka, ba a keɓe ta ga sha'anin danginta kaɗai ba.

V. Ma'aikatar Hidimar Jama'a

Babban gwaji ya zo cikin Satumba 2008, da sabon Firimiya Nathan Rees ya naɗa ta Ministar Hidimar Jama'a. Wannan ma'aikata ita ke da ikon shiga gida ta ɗauke yaro in ana cutarsa, ta ba wani riƙonsa. Ita ce magajiyar ma'aikatar kula da yara wadda ta karɓi yaran Aborijin daga hannun tsohuwar hukuma a 1969. A gidajen Aborijin da yawa, jin sunanta kawai yakan sa uwa ta tara 'ya'yanta. Majalisar jihar ta riga ta nemi gafarar waɗanda aka raba da iyayensu a Yuni 1997, ta bakin Firimiya Bob Carr, Firayim Minista Kevin Rudd kuma ya nema da sunan ƙasa duka ranar 13 ga Fabrairu, 2008. Wata bakwai bayan haka sai ga 'yar Wiradjuri a kujerar da ake ɗauke yara da sunanta.

Ta tarar da ma'aikatar cikin wahala. A 2007 yara biyu waɗanda ma'aikatar ta san labarinsu sun mutu a hannun iyayensu, hankalin jama'a ya tashi, gwamnati ta naɗa tsohon alƙali James Wood ya bincika. Rahotonsa ya fito a Nuwamba 2008 da shawarwari 111. Abin da ya gano shi ne, doka ta tilasta wa malamai da likitoci da 'yan sanda su kai rahoton duk yaron da suke jin tsoron za a cuta, har rahotanni suka haura 300,000 a shekara, ma'aikata suka nutse cikin takardu, yaron da ke bakin mutuwa ya ɓace a cikin taron waɗanda talauci kawai ke damunsu. A wannan lokaci kusan ɗaya cikin uku na yaran da ke riƙon gwamnati Aborijin ne.

Amsar gwamnati ita ce shirin shekara biyar mai suna Keep Them Safe, watau a kiyaye su, wanda aka bayyana a Maris 2009, aka ware masa dala miliyan 750 na kuɗin Ostareliya. Burney ce ta ɗauki nauyin aiwatar da shi. An gyara doka, daga Janairu 2010 ba a kai wa ma'aikatar rahoto sai in haɗarin da yaro ke ciki babba ne. Ƙananan damuwa kuwa aka buɗe musu ofisoshi a ma'aikatun lafiya da ilmi da wajen 'yan sanda, domin a nema wa iyali taimako tun abin bai yi nisa ba. Shirin ya kuma yi alkawarin ƙarfafa ƙungiyoyin Aborijin masu kula da yara, da neman shawararsu kafin a yanke hukunci.

Wuyar sha'anin ita ce, kowace hanya aka bi akwai hasara. In an bar yaro a gidan da ake cutarsa don gudun maimaita tarihi, ana iya rasa ransa. In an ɗauke shi aka ba baƙi, ana iya raba shi da harshensa da danginsa, kamar yadda aka yi wa kakarsa. Dokar jihar ta 1998 ta tsara cewa in ya zama tilas a ɗauke yaron Aborijin, a fara neman danginsa, in ba a samu ba a nemi al'ummarsa, sa'an nan wani gidan Aborijin na kusa, baƙi su zo daga ƙarshe. Amma rubuta ƙa'ida dabam, samun kaka mai ɗaki da abinci da lafiyar riƙon jikoki dabam. Tushen abin yana cikin rashin gida da rashin aiki da giya da ɗauri, waɗanda ba a hannun wannan minista suke ba.

Sakamako ya zo gauraye. Rahotanni sun ragu ƙwarai bayan gyaran doka, amma yawan yaran da ke riƙon gwamnati ya ci gaba da hawa, rabon Aborijin a cikinsu kuma bai sauka ba. Binciken da Farfesa Megan Davis ta shugabanta, wanda ya fito a 2019, ya tarar sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari, ya kuma nuna cewa sau da yawa ma'aikata ba sa bin ƙa'idar neman dangi. Ba daidai ba ne a ɗora wannan a kan Burney ita kaɗai, gama shekara biyu da rabi kawai ta yi a kujerar, shirin kuwa bai kai rabi ba gwamnatinsu ta faɗi. Ba daidai ba ne kuma a ɓoye shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

VI. Tsarin mulki, hamayya, da tashi

A 2010, zamanin Firimiya Kristina Keneally, majalisar ta gyara tsarin mulkin jihar na 1902, ta ƙara sashe mai cewa Aborijin su ne mutanen farko na jihar, masu riƙon ƙasar tun asali. Jam'iyyun gwamnati da na hamayya duka suka goyi baya, Burney kuwa tana zaune a sahun ministoci. Amma a cikin sashen nan an rubuta a fili cewa bai haifar da wani hakki da za a kai ƙara kotu a kansa ba. Wannan sharaɗi yana daga cikin abin da ya sa gyaran ya wuce ba gardama.

A zaɓen 26 ga Maris, 2011, bayan shekara 16 tana mulki, Leba ta sha kaye mai tsanani, ta tsira da kujeru 20 kawai daga cikin 93, Barry O'Farrell ya zama Firimiya. Burney ta riƙe Canterbury, ragowar wakilan jam'iyyar suka zaɓe ta mataimakiyar shugabansu John Robertson. Da Robertson ya sauka a Disamba 2014 ta riƙe shugabancin hamayya wajen mako biyu, kafin a zaɓi Luke Foley. A shekarunta na ƙarshe a majalisar ita ke magana da yawun jam'iyyar kan ilmi da al'amuran Aborijin, watau sai da mulki ya kuɓuce sa'an nan sha'anin danginta ya zo hannunta a hukumance.

A 2016 ta ajiye kujerarta ta tsaya takarar mazaɓar Barton ta Tarayya, ta ci ranar 2 ga Yuli, ta zama mace ta farko 'yar Aborijin a Majalisar Wakilai ta ƙasa. A jawabinta na farko a Kanbera ta zo da mayafin fatar kangaru mai zanen guza da farin aku, alamun danginta da nata. Ta yi Ministar Al'amuran 'Yan Asalin Ƙasa daga 2022 zuwa 2024, ita ce kuma ta tsaya gaba a gwamnatin Anthony Albanese wajen neman a kafa musu majalisar shawara a cikin tsarin mulkin Tarayya. A ƙuri'ar 14 ga Oktoba, 2023, wajen kashi 60 cikin ɗari suka ƙi, ba jiha ɗaya da ta amince. Ta bar majalisa a zaɓen 2025.

VII. Abin da labarin ya nuna

In an jera ayyukan nan gaba ɗaya, sai a ga sun kasu biyu. Akwai waɗanda majalisa ke iya gamawa da bakinta a rana ɗaya: neman gafara, gaisuwa da harshen Wiradjuri, sashe a tsarin mulki wanda ba ya ɗaure kowa. Waɗannan sun samu, ba kuwa ƙananan abubuwa ba ne ga mutanen da aka hana 'ya'yansu shiga aji har 1972. Akwai kuma waɗanda ke bukatar kuɗi da shekaru da sakin wani ɓangare na iko, kamar rage yawan yaran da ake raba su da iyayensu, ko ba Aborijin murya tabbatacciya a cikin doka. Waɗannan ba su samu ba a zamaninta, ko a jiha ko a Tarayya.

Dalilin yana cikin lissafin da aka fara da shi. Al'ummar da ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ba ta iya kafa gwamnati, ba ta iya kayar da ita, wakilinta kuma yana zaune ne da yardar waɗansu. Burney ta karɓi wannan sharaɗi da idonta buɗe, ta zaɓi ta yi gardamarta a cikin ɗakin ministoci, inda ake raba kuɗi, ko da yake hakan ya sa ta kāre ayyukan ma'aikatar da danginta ke tsoro. Waɗansu sun zaɓi wata hanya. Lidia Thorpe, wadda ta zama 'yar Aborijin ta farko a majalisar Victoria a 2017, ta shiga ta ƙaramar jam'iyya, daga baya ma ta bar jam'iyyar ta tsaya ita kaɗai a Majalisar Dattawa, tana da 'yancin faɗin abin da ta ga dama amma ba ta riƙe ma'aikata ba. Leeanne Enoch kuwa, wadda ta shiga majalisar Queensland a 2015, ta bi irin hanyar Burney ta zama minista. Har wa yau 'yan asalin Ostareliya ba su daina gardama a kan wace hanya ta fi ba.

Mace ta farko ta shiga zauren ƙasa na New South Wales a 1925, ita ce Millicent Preston-Stanley. Sai da aka ƙara shekara 78 kafin 'yar Wiradjuri ta bi bayanta. Kafin Burney ta tashi daga Canterbury, mutanen unguwar, Girkawa da Labanawa da sauransu, sun mayar da ita kujerarta sau uku bayan na farko.